Cefanen gida a Kumasi: Melcom, kantin Asokwa, 'yan sarin Adum ko Kejetia?

Lokacin da aka buɗe Kumasi City Mall a Asokwa a 2017, manyan kantuna biyu ne suka riƙe ginin, Game da Shoprite, dukkansu daga Afirka ta Kudu. Game ya rufe ƙofofinsa a Ghana a Disamban 2022. Shoprite ya daure ya ƙara shekara biyu da 'yan watanni, sannan a Agustan 2025 shi ma ya sanar cewa zai sayar da harkarsa ta Ghana. Kafin shekarar ta fita aka ji wanda zai gaje shi: wani kamfani mai suna Brands For All zai karɓi rassan nan bakwai, har da na Kumasi, ya sa musu sunan Carrefour na Faransa, da niyyar ƙara wasu biyar zuwa 2028. Ana wannan sauyin hannu, Melcom sai ƙara rassa yake yi, 'yan China suna ta kafa manyan rumfunansu a bakin titi, 'yan sarin Adum da matan Kejetia kuwa suna nan inda aka bar su.

Duk kokawar nan a kan abu ɗaya ake yin ta, wato kuɗin cefanen da ake fitarwa a gidajenmu na Aboabo, Asawase, Sabon Zongo, Sawaba da Tafo. Tunda kuɗin namu ne, ya kamata mu san inda sidi ta fi auki. Ra'ayina, don kada in ɓata wa mai sauri lokaci: babu ko ɗaya cikinsu da ya cancanci a miƙa masa kwandon gida gaba ɗaya. Kowanne akwai kayan da ya fi kowa a kansu, akwai kuma waɗanda in ka saya a wurinsa ka yi kyauta ne ba a gode maka ba.

A fara da abin da ya kori na Afirka ta Kudun, don shi ne ke bayyana farashin da ake gani a kan kanta. Kanti irin wannan, hayarsa a mol da dala ake ƙiyasta ta. Kayansa da yawa ta tashar jiragen ruwa ta Tema suke shigowa, an saye su da kuɗin waje, an biya kwastan. Ciniki kuma da sidi ake yi. A 2022 sidi ta zube, hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari a Disamba, watan da Game ya rufe. Abin da aka tara a mako, kafin a mayar da shi dala ya riga ya rame. Kuma ba a Ghana kaɗai abin ya faru ba, domin Shoprite ya bar Kenya, ya sayar da kantunansa na Nijeriya a 2021, ya fita daga Uganda da Madagaska. A ɗora kuɗin wuta, man janareta in an ɗauke ta, firjin da ba ya hutawa dare da rana, masu gadi da albashin ma'aikata. Duk wanda ya ɗauki tumatir huɗu a faranti an lulluɓe da leda, ya biya rabonsa na waɗannan ɗawainiyoyi, ko ya sani ko bai sani ba.

Dattawanmu ba su yi wani mamaki ba. Sun ga Kingsway, sun ga UTC, sun ga GNTC na gwamnati, kowanne ya yi zamaninsa ya wuce, kasuwa tana nan tana ci. Akwai ma dalili a doka da ya sa baƙi suke zuwa da girma haka. Dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe wa 'yan ƙasa sayar da kaya a cikin kasuwa da talla da ƙaramin kiyos, ta kuma ce baƙon da ke son harkar saye da sayarwa sai ya zo da jarin da bai gaza dala miliyan ɗaya ba, ya ɗauki 'yan Ghana aƙalla ashirin aiki. Saboda haka baƙo ba ya zuwa da tebur, sai da katafaren gini, ginin kuma dole ya ci.

Melcom wani Ba'indiye ne, Bhagwan Khubchandani, ya kafa shi a 1989, kuma hanyarsa daban ce. Maimakon ya zauna a mol yana jiran mai mota, shi ne yake bin mutane inda suke: Adum, unguwannin gari, Techiman, Sunyani, Tamale, Bolga, har Wa. Wanda ke da gomman rassa yana sayen kaya da yawa a lokaci guda, yana kuma iya matsa wa masana'anta ta rage masa. Ƙarfinsa na asali kayan gida ne, robobi, bokitai, tukwane, kuloli, fanka, injin markaɗe, dutsen guga, labule. In ana haɗa kayan ɗakin amarya, da wuya a gama ba a taka Melcom ba. Daga baya ne ya faɗaɗa ɓangaren abinci, kuma a nan ma abin da ya fi iyawa shi ne busasshen kaya na gwangwani da leda: Milo, madara, sukari, taliya, mai, sabulun wanki, kunzugun jarirai. Farashi a rubuce yake, ba taya ba albarka, ana ba ka rasit. Rassan dai ba ɗaya suke ba. Wani reshen za ka tarar da firji cike da kayan sanyi, wani kuwa rabin wurin kayan lantarki ne, abincin ɗan lungu guda. Kada ka hau mota zuwa reshe mai nisa don wani kaya sai ka tabbatar akwai shi. Kayan wuta kuma, a can ko a ko'ina, a jona maka su a gabanka kafin ka fita, ka tambayi tsawon garanti, ka adana rasit a inda yara ba za su yi jirgin takarda da shi ba.

Babban kantin Asokwa, ko wane suna ka tarar a ƙofarsa, abin da ya fi sauran da shi sanyi ne. Bota, cuku, yogot, tufa, inabi, kayan karin kumallon yara, burodin da aka gasa a wurin, duk abin da rana ke ɓatawa cikin awa biyu, a can zuciya ta fi kwanciya da shi. Akwai wurin ajiye mota, ba turereniya, ba mai taka maka ƙafa. Daga Aboabo ma ba nisa, a bi ta Anloga Junction a miƙe. Rangwamen da suke yi na gaske ne, amma a san yadda yake aiki: ana karya farashin kaya biyu ko uku da kowa ya san kuɗinsu, kamar mai ko shinkafa, har a sayar ba riba, don a jawo ka ciki. Ribar tana cikin sauran abin da za ka zuba a kwando a hanyarka ta zuwa wurin biya. Wanda ya shiga da takarda a hannu ya ɗauki na rangwamen ya fita, ya ci riba. Wanda ya shiga ranar Lahadi da yara uku, kuɗin askirim da kaza da wasan yara kaɗai sun cinye abin da ya rage har sun nemi ƙari.

Game da Carrefour, kada sunan ya ruɗi kowa ya zaci Faransawa ne za su zo su tsaya a kanta. Hayar suna ce. Kamfanin Faransa yana ba da suna da tsari da kayan da ke ɗauke da tambarinsa, abokin hulɗa ne ke zuba kuɗi yana gudanarwa. Haka suka shiga Abijan a 2015 ta hannun CFAO, haka suka shiga Kenya a 2016 ta hannun Majid Al Futtaim na Dubai, wanda shi ne ma ya karɓi kantunan Shoprite na Uganda a 2021. Abin da mai saye zai iya sa rai da shi shi ne kayan tambarin kanti, irin su taliya, biskit, man zaitun da sabulu, waɗanda yawanci sukan fi manyan sunaye sauƙi. Sai dai duk abin da ya taso daga Turai da yuro aka saye shi, ranar da sidi ta yi tuntuɓe shi ma zai tashi. Hayar mol ɗin kuma ba ta canza don an canza allo ba.

Kantunan 'yan China ba na abinci ba ne sosai, don haka ba zan daɗe a kansu ba. Da Melcom suke karawa a kan robobi, fitilu, kujeru, furannin ado, kayan wasan yara da kayan girki. Sau da yawa sun fi araha, amma araha ba ta ado. Kwando ko mazubin cokula, saya ka wuce. Abin da za a jona wa wuta ko a ɗora wa nauyi, juya shi da kyau, ka kuma tambayi sharaɗin mayarwa tun kafin ka biya.

Yanzu ga inda nake ganin yawancin gidajenmu suke barin kuɗi a ƙasa: sari. Milo ɗin da ke Melcom, da wanda ke Asokwa, da wanda ke shagon lungunku, duk daga masana'anta ɗaya suke a Tema. Haka man Frytol, haka sabulun Key. Bambancin kawai hannu nawa kayan suka bi da kuma nauyin da ke kan mai sayarwa. Ɗan sari a Adum ko cikin Kejetia ba shi da na'urar sanyaya ɗaki, shagonsa cike yake da katan har rufi, shi kansa a bakin ƙofa yake zaune a kan benci. Yana sayar da katan, yana raba rabi, wani har kwata. A kan irin waɗannan kaya da wuya babban kanti ya kayar da shi, sai fa a makon rangwame. Tsofaffin kantunan gari irin su Opoku Trading a Adum suna tsakiya, kana iya ɗaukar ɗai-ɗai, kana iya ɗaukar katan. Mai dai shi ne babban misali. Jarkar nan rawaya mai lita 25, wadda ake wa laƙabi da galan ɗin Kufuor, idan gida uku suka haɗa kuɗi suka saya suka raba, kowa zai ga bambanci da sayen kwalba-kwalba. Matan da ke adashi sun riga sun san wannan, abin da ya rage kawai a mayar da wani zubin ya zama na kayan abinci.

Sarin yana da nasa wahalar. Shiga Adum da rana aiki ne, ga cunkoso, ga rashin wurin tsayawa. A 2023 hukumar birni ta KMA ta hana pragya, wato keken haya mai ƙafa uku, shiga tsakiyar gari, don haka a sa kuɗin kayayo mai dakon kaya da na tasi ko aboboya, wato keken ɗaukar kaya, a lissafi tun daga gida. Wanda zai sayi gwangwani shida kacal, kuɗin mota ya cinye ribar. Sannan ba mai duba maka kaya sai idonka. Buɗe katan ɗin a wurin. Duba ranar ƙarewar wa'adi a jikin gwangwani, ba a jikin kwali kaɗai ba. Gwangwanin da ya kumbura ko ya yi tsatsa a baki, ajiye shi. In ka ga an karya farashi fiye da hankali, yawanci wa'adi ne ya matso, kuma wannan ya shafi manyan kantuna ma, domin teburin rangwamen da ke kusa da ƙofa sau da yawa na kayan da suka kusa ƙarewa ne. Ba laifi a saya in za a cinye cikin mako biyu. Laifin a sayi katan guda a ajiye.

Akwai wata dabara da ta game ko'ina, ita ce ta awo. Buhun shinkafa ƙarami wani kilo 5 ne, wani 4.5, a ido kuwa girmansu ɗaya. A ce na farko sidi 100 ne, na biyu 93. Ido zai ce na biyun ya fi sauƙi. Raba ka gani: na farko kilo ya kama sidi 20, na biyu ya kusa 21. Kwalbar mai wata lita ɗaya ce, wata mililita 900. Tumatirin leda ma iri biyu ne, akwai zalla, akwai gauraye wanda aka ƙara wa sitaci da sukari da sauransu, kuma an rubuta a jiki ga mai karantawa. Madarar gari wata cikakkiya ce, wata an cire man nonon an sa man tsiro. Ba haramun ba ne, ba guba ba ne, amma bai kamata a biya kuɗin na farko a tafi da na biyu ba. Wayar da ke hannunka tana da kalkuleta. A wurin biya kuma ido a kan allo. Na taɓa tsayawa a bayan wata Hajiya a wani kanti, an buga mata sabulu da tsohon farashi alhali a kan kanta an liƙa na rangwame. Ba ta ɗaga murya ba, cewa kawai ta yi, "'Yata, zo mu je ki gani da idonki." Suka je suka dawo, aka gyara. Mu da ke layi muka yi ta tsaki, amma ita ce mai gaskiya.

Danyen kaya kuwa ba a ma haɗa su. Tumatir, albasa, attarugu, kuɓewa, ayoyo, doya, rogo, ayaba, masara, gero, wake, gyaɗa, duk na kasuwa ne. Hanyar da suke bi ta isa hujja. Albasa daga Nijar da Bawku take zuwa, kuma 'yan uwanmu ne ke riƙe da sarinta tun kaka da kakanni. Tumatir da damina daga su Akomadan, da rani daga Burkina Faso. Doya daga Techiman, Kintampo da Atebubu, masara da wake daga Ejura. Motocin nan a kasuwa suke sauke kaya, a hannun sarauniyoyin kasuwa da dillalai. Babban kanti, in ba yana da manomin da ya ɗaure da shi ba, daga wannan layin yake ɗiba, ya wanke, ya zaɓe, ya naɗe, ya ɗora nasa. Kai ma kana iya wankewa a gida. Sabuwar Kejetia da kamfanin Contracta na Brazil ya gina tana da shaguna sama da dubu takwas, ga Race Course inda aka mayar da 'yan tsohuwar babbar kasuwa da yawa, ga Bantama, ga kasuwar Asawase a ƙofar gida ga mai neman hatsi da goro. Kasuwa tana da abin da na'ura ba ta da shi, wato gyara. Ka sayi kashi uku na tumatir a ƙara maka biyu a kai, ka zama na kullum a ajiye maka mai kyau a ƙarƙashin tebur.

Ita ma tana da nata wayon. Olonka gwangwani ne, gwangwani kuwa yana lanƙwasuwa. Kafin a auna maka gero, ɗaga shi ka dubi gindinsa, in an buga shi ya shige ciki, awon ya ragu. Ka lura ko ana tula shi ya yi tozo ko ana share bakinsa da hannu, don a nan ne bambancin mai sayarwa biyu yake, ba a kuɗin da suka faɗa ba. Kwandon tumatir, na sama ba shi ne na ƙasa ba. Baƙo kuma ya yi hattara da lissafi: tun 2007 aka cire sifiri huɗu daga sidi, amma har gobe wata za ta ce maka miliyan ɗaya tana nufin sidi ɗari. Biya da MoMo, wato kuɗin waya, ya yi sauƙi tunda aka soke harajin tura kuɗi a Afrilun 2025, sai dai da yawa za su ce ka ɗora musu kuɗin cirewa.

Nama shi ne inda lissafinmu ya bambanta da na maƙwabta, domin kafin a zo maganar kuɗi akwai maganar yanka. Manyan kantunan nan na kowa da kowa ne, suna sayar da naman alade da giya, hakkinsu ne. Tambayar da Musulmi zai yi ita ce wa ya yanka, kuma da wace wuƙa da wane inji aka sare. Yana da kyau a tambayi mai kula da sashen kai tsaye, ba kunya a ciki. Tsiran nama da yankakken naman leda sai an karanta abin da aka haɗa su da shi, haka alewa mai danƙo. Mahaucin unguwa kuwa ka san shi, ka san mahaifinsa, sahu ɗaya kuke tsayawa, naman daga mayankar Kaase ya ɗauko shi da asuba. Kuma yana yin abin da faranti mai leda ba zai yi ba. Tsaya kusa da teburinsa da safe ka ji.

"Mma, na miya ne ko na waakye?"

"Na waakye, Baba. Haɗa min da ganda da 'yar tsoka, kada ka cika min ƙashi irin na jiya."

"Haba Mma, jiya ai yaro ne ya auna."

Ya sara, ya auna, ya jefa 'yar kitse a kai. Abin da za a duba a wurinsa tsabta ce: ƙuda, katakon sara, da ko naman na yau ne. Je da wuri, kafin rana ta buɗe. Kajin sanyi kuma, waɗanda ake shigo da su daga Brazil, Amurka da Turai, katan mai kilo 10 a wurin masu shagon sanyi na Asafo ya fi sauƙi nesa da sayen leda-leda a kanti. Nemi tambarin halal a jikin katan ɗin. Ka kuma dubi kazar: in ta dunƙule wuri ɗaya da jan ƙanƙara a ƙasan leda, ta narke an sake daskarar da ita, wuce gaba. A nan babban kanti mai janareta yana da hujjar tsadarsa.

Lokacin saye ma yana da tasiri. Idan sidi tana faɗuwa, ɗan kasuwa da safe yake jin kuɗin dala, kafin azahar ya ƙara. Babban kanti yakan ɗan yi jinkiri kafin ya canza takardun farashi a kan tsohon kaya, a irin wannan makon sai ka tarar ya fi sari sauƙi. Idan sidi ta farfaɗo kuwa, kowa nauyin jiki yake yi. An gani a 2025, lokacin da dala ta sauko daga sama da sidi 15 zuwa wajen 10 cikin 'yan makonni, kaya suka ƙi sauka, kowa yana cewa tsohon kaya ne, har sai da gwamnati ta zauna da ƙungiyar 'yan kasuwa ta GUTA a kan maganar. Kafin azumi ma haka: sukari, madara, mai, shinkafa da gero a saye su tun farkon Sha'aban, kafin kowa ya tuna.

To wa zai je ina? Ma'aikaci mai albashi, mai firiza da abin hawa, shi ne wanda aka gina manyan kantunan dominsa, amma ko shi na fi so ya yi sarin busasshen kaya sau ɗaya a wata, ya bar wa Asokwa kayan sanyi da abin da ke kan rangwame, ya bar wa Melcom abin da ya ƙare a tsakiyar wata da kayan gida. Babban gida mai tukunya ɗaya da baki goma sha, ba shi da abin yi a mol sai yawon sallah: buhu, jarka, katan, kasuwa, mahauci. Mai sayar da waakye ko koko da ƙosai, ribarta tana cikin olonka da gyara da amanar mai ba ta wake ta biya da yamma, kanti ba zai ba ta ko ɗaya ba. Ɗalibi ko gwauro mai ɗaki ɗaya, wanda kashin tumatir zai ruɓe masa kafin ya ci rabi, shi kam ƙaramin awo na kanti ko na lungu ya fi masa, ko da kowane ɗaya ya fi tsada.

Wanda ke samu kullum ya kashe kullum, kuma su ne mafi yawa a Zongo, shawarar sari ba ta da amfani gare shi sai an haɗa hannu. Shagon lungu ya fi ko'ina tsada in aka auna da kilo, ƙullin sukari da ledar madara ɗai-ɗai su ne mafi tsadar hanyar saye. Amma shi ne ke buɗe bayan isha'i, shi ne za ka aika yaro ya ce, "Baba ya ce a rubuta." Littafin bashin nan babu kantin zamani da ke da shi. Ko ka koma sari, kada ka yanke hulɗa da mai shagon gaba ɗaya, akwai watan da za ka neme shi.

Saura masu kallon kantunan nan ta ɗaya ɓangaren, matan da ke yin yaji, man gyaɗa, dakuwa, zuma ko man kaɗanya suna son ganin kayansu a kan kanta. Gasar tana buɗe musu ƙofa, don kowane kanti yana son ya nuna yana sayar da na gida, kuma na gida ba ya bin dala. Sharuɗɗan dai ba wasa: rajistar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna, mazubi mai kyau, takarda mai ɗauke da abin da ke ciki da ranar ƙarewar wa'adi, lambar da na'ura ke karantawa, da iya kawo adadi ɗaya kowane lokaci ba yau akwai gobe babu ba. Abin da ya fi karya ƙaramin jari shi ne biya. Babban kanti ba ya biya hannu da hannu, yana karɓar kaya ne ya biya bayan makonni, wani lokaci ya dawo miki da abin da bai shige ba. Kafin ki yi murna da farashin da aka sa miki, tambayi bayan kwana nawa ake biya, kuma asarar abin da ya lalace a kan wa take. In jarin ba zai iya jiran wata biyu ba, fara da ƙananan kantunan unguwa da na gidajen mai, inda mai wurin da kansa za ki yi magana da shi.